Gaba uku ko gaba ɗaya: nazarin awon wata ƙaramar madatsar ruwa a gefen Zariya

Wurin da yadda yake

Madatsar ƙarama ce, ta jar ƙasa, an tare wani rafi da ita wanda ke gangarawa zuwa kogin Galma. Daga cikin birnin Zariya tafiyar ba ta kai awa guda a babur ba. Ko kusa ba ta kama ƙafar dam ɗin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello a girma ba, domin idan ta cika maƙil ruwanta bai shafe fiye da hekta 12 ba. Amma ita ce rayuwar wata ƙungiyar manoman rani da ke shuka tumatir da albasa da tattasai da masara a fadamar da ke ƙasanta. Ruwa na fita ta wani bututu da ya ratsa ƙarƙashin bangon, ya bi babbar magudana, ya rarrabu cikin fangaloli. Akwai kuma 'yan tsirarun masu injin ban ruwa da ke jefa tiyo daga gaɓa. Yarjejeniyar da aka gada ita ce, da zarar ruwa ya sauka ƙasa da bakin bututun, sauran na kifi ne da shanu, ba mai taɓa shi.

A ƙasar Zariya ruwan sama yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Kowace shekara madatsar tana cika kafin ƙarshen Agusta, rarar ta malale ta wani baki na siminti da ke gefen bangon. A wannan rubutu za a kira shi bakin malala.

Takarda ɗaya tak ƙungiyar ta mallaka game da madatsar: zanen injiniyoyin da suka gina ta, a ninke cikin akwatin sakatare, ya yi jawur don tsufa. An rubuta tsayin wurare da ƙafa, yadda aka saba kafin Najeriya ta koma awon mita a shekarun 1970. Bakin malala ƙafa 2,120. Wuri mafi zurfi a gindin madatsar ƙafa 2,102. Tsakaninsu ƙafa 18, wato mita 5.5. Dattawan wurin ba su san waɗannan lambobi ba, amma sun riƙe abin a kansu: suna cewa da tana sabuwa zurfinta gaba uku ne. Gaba ɗin turawan jirgin ruwa ƙafa 6 ne cif, mita 1.83, saboda haka maganar dattawa da ta takarda sun zo daidai.

Afrilu, shekarar farko: ruwa ya yanke

A mako na biyu na Afrilu ruwa ya sauka ƙasa da bakin bututu, alhali albasar da aka dasa a makare ba ta gama ƙosawa ba, tumatir kuma yana tsakiyar 'ya'ya. Shekaru uku ke nan a jere ruwan na yankewa da wuri, kowace shekara kuma yana ƙara matsowa. Wannan karon asarar ta taɓa kusan kowa.

A taron da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa ra'ayi ya kasu uku. Wasu suka ce laka ce ta cike madatsar. Wasu suka ce masu injin ne ke zuƙe ruwa da dare. Wasu kuma suka ce bangon ne ke yoyo ta ƙasa. Aka tsayar da shawarar a fara auna zurfi, tunda shi ne mafi sauƙi.

Afrilu: awo da gora

Wani masunci da ya fi kowa sanin ruwan ya shiga kwalekwale da doguwar gora, sakatare na zaune a gaba da littafi. Suka nufi tsakiyar kwarin kusa da bango, inda kowa ya san nan ne zurfin yake. Masuncin ya soka gorar har ta tsaya, ya kama wurin da ruwa ya jiƙa, ya auna da hannuwansa: gaba ɗaya da kamu ɗaya. Da aka sa tef a gaɓa aka sami mita 2.1.

Lissafin da kwamiti ya yi gajere ne. Da mita 5.5 ne, yanzu 2.1, ke nan laka ta ci mita 3.4. Gaba uku ta koma gaba ɗaya da ɗan ɗoriya. A watan Mayu aka kira wani ɗan kwangila ya zo ya duba. Ya tsaya a kan bango, ya ji lambar, ya ce aikin na yasar tsakiyar ruwa ne, sai an kawo injin da ke tsotso laka daga kan ruwa. Kuɗin da ya faɗa ya fi abin da ƙungiyar za ta iya tarawa cikin shekaru masu yawa. Maganar ta mutu a nan, damina ta sauka, kowa ya koma gonar tudu.

Ba wanda ya rubuta inda fuskar ruwa take a ranar da aka yi awon.

Satumba: na'urar amsa-kuwwa da wayar hannu

Ɗan ɗaya daga cikin manoman, wanda ya gama karatun labarin ƙasa yana jiran hidimar ƙasa, ya ce zai sake awon ta hanyar zamani. Ya aro wata ƙaramar na'ura irin wadda masu kamun kifi a ƙasashen waje ke maƙalawa a jirgi. Aikinta shi ne ta aika sauti zuwa gindin ruwa, ta jira amsa-kuwwarsa, ta lissafa zurfi daga lokacin da sautin ya ɗauka zuwa da dawowa. Sauti na gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku. A ruwan daɗi mai sanyin digiri 20 yana yin kimanin 1,480. Ya ɗaure kan na'urar a jikin katako, ya nutsa shi a gefen kwalekwale, ya riƙa zagaya madatsar, duk inda ya karanta zurfi sai ya ɗauki lambar wurin da GPS ɗin wayarsa. Yaron ya yi aiki da zuciya ɗaya, kuma ya tara awo mai yawa.

Wuri mafi zurfi da ya samu mita 3.9 ne. Nan take aka fara gardama: masunci ya ce 2.1, na'ura ta ce 3.9, wa za a yarda da shi? Wasu suka ce ai damina ce ta ƙara ruwa, amma ba wanda ya iya cewa da nawa ta ƙara.

Abu na biyu ya fi wannan muni. Tsohon zanen yana da layukan raga da lambobi a gefe, na gabas da na arewa, irin waɗanda waya ke nunawa idan an saita ta a tsarin UTM. Zariya tana yanki na 32 na wannan tsari. Saurayin ya kwafi lambobin iyakar filin madatsar daga zanen, ya shigar da su cikin manhajar taswira, ya ɗora a kan hoton tauraron ɗan'adam. Sai iyakar ta fito a goce, ta zame kudu maso gabas. Bangon da ke kan takarda ya faɗa cikin fadama, layin iyaka kuma ya ratsa tsakiyar gonar wani dattijo da ke wancan gefen, ya haɗiye fiye da rabinta. Hoton ya shiga WhatsApp ɗin ƙungiya kafin magariba. Washegari ana cewa dattijon ya ci filin dam shekara da shekaru, har wasu na danganta cikewar madatsar da noman da yake yi a gaɓa. Mutumin da ya gaji gonar daga mahaifinsa ya daina zuwa taro, 'ya'yansa kuma suka daina gaisawa da gidan su saurayin.

Abu na uku shi ne tsayi. Wayar, a kan bakin malala, tana nuna mita 668, wani lokaci 660, wani lokaci ta haura 675. Ƙafa 2,120 na takarda kuwa mita 646 ne. Saurayin ya rubuta a rahotonsa cewa tsohon zanen ba abin dogaro ba ne. Rahoton da Turanci yake, kuma ya yi amfani da kalmomi daban-daban ga nisan gindi daga fuskar ruwa, da matakin da fuskar ruwan take, da tsayin wuri daga teku. Da sakatare ya tashi karanta wa jama'a da Hausa, duka ukun suka zama zurfi ko tsayi, aka tashi taro ba wanda ya san wace lamba ce ta mene.

Nuwamba: ƙusa a bakin malala

Mai unguwa ne ya nemo wani tsohon safiyo da ya yi ritaya, surukin ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, mazaunin Tudun Wada. Ranar da ya zo an tanadar masa kwalekwale, bai shiga ba. Ya nemi guduma da ƙusar kankare, ya je kan simintin bakin malala, a gefen da ruwa ba ya bi, ya kafa ƙusar ya zagaye ta da jan fenti. Da na'urar lebur ya auna bambancin tsayi tsakanin kan ƙusar da leɓen da ruwa ke malala ta kansa, ya rubuta a littafi. Ya ce daga yau leɓen nan shi ne sifiri, kuma duk lambar da ba ta faɗi nisanta daga gare shi ba, kada a kawo ta taro.

Wannan shi ne abin da masu awon ruwa ke kira datum, wato tushen awo. A teku matsalar a fili take, domin ruwa na hawa yana sauka sau biyu a yini. Jirgin da zai shiga tashar Legas ko ta Fatakwal ba zai amfana da zurfin da aka auna ruwa na cike ba. Shi ya sa taswirar jiragen ruwa ke rubuta kowane zurfi daga wani mataki guda da aka tsayar, galibi mafi ƙanƙantar matakin da ruwa ke sauka bisa lissafin tafiyar wata da rana, matuƙi kuma ya ƙara tsayin ruwan wannan sa'a a kai. Hukumar awon ruwa ta duniya, wadda aka kafa a 1921 take kuma da mazauni a Monako, tana da ƙamus guda na irin waɗannan kalmomi don kada ƙasashe su saɓa a kansu. Madatsar da ke gefen Zariya ba ta da hawa da saukar teku, amma tana da nata: tana cika a Agusta, ta yi ta sauka har Afrilu. Zurfin da aka auna daga fuskar ruwa lamba ce ta wannan rana kaɗai. Sai an mayar da shi kan tushe zai iya zama kusa da wata lamba a kwatanta su.

Daga ƙusar ya bi da lebur ya kafa sandunan awon ruwa uku a gangaren gaɓa, ɗaya ƙasa da ɗaya, masu zanen santimita, yadda idan ruwa ya bar ta farko ta biyu za ta karɓa. Aka ɗora wa wani ɗalibin sakandare karanta sanda kullum bayan sallar asuba, ya rubuta kwanan wata da lamba.

Sannan ya koma kan awo biyu da aka yi a baya, kuma bai jefar da ko ɗaya ba. Ya tambayi saurayin, kan na'urar nan nawa ya nutse cikin ruwa? Aka ɗauko katakon, alamar jiƙa na nan, aka auna: santimita 35. Na'urar daga kanta take ƙirga zurfi, ba daga fuskar ruwa ba, don haka sai an ƙara wannan. Ya tambaya ko ruwa na malala a ranar. Yana malala, kuma hoton da saurayin ya ɗauka ya nuna kaurinsa a kan leɓen bai wuce santimita 15 ba. Wannan kuma sai an cire. Mita 3.9, a ƙara 0.35, a cire 0.15, ya ba da mita 4.1 ƙasa da bakin malala.

Na masunci ya fi wuya tunda ba a rubuta komai ba, sai dai kowa ya tuna cewa a makon ne bakin bututu ya fito fili, ruwa na lasar leɓensa na ƙasa. Bakin bututun kuwa yana nan inda yake, kuma zanen ya nuna shi ƙafa bakwai da rabi ƙasa da bakin malala, wato mita 2.3. A haɗa da 2.1 na gora, ya zama 4.4. Saura bambancin santimita 30 tsakanin mutanen biyu. Tsohon ya ce a bar shi sai an shiga ruwa.

Disamba: maganar iyaka

Kafin a shiga ruwan ya ce sai an kashe wutar da ta fi kusa da gida. Zanen ya nuna duwatsun safiyo biyu na siminti, ɗaya a kowane ƙarshen bango. Aka sassabe ciyawa aka same su, ɗaya ya karye a kai amma gindinsa na nan. Ya sa saurayin ya ɗora wayarsa a kan na farko, ya jira lambobi su natsu, ya rubuta su kusa da na takarda. Lambar gabas ta waya ta gaza ta takarda da kusan mita 80, ta arewa kuma ta ɗara da kusan mita 120. Aka je dutse na biyu, tazarar ta sake fitowa haka, ba ta canza ba sai da 'yan mitoci, wanda wannan kuskuren waya ne da aka sani.

Dalilin sananne ne ga duk wanda ya yi aikin safiyo a ƙasar nan. Tsofaffin taswirorin Najeriya, har da fallen Zariya mai lamba 102, an gina su ne a kan tushen Minna, wanda ya fara daga wani dutsen awo da ake kira L40 a garin Minna, yana kuma amfani da siffar duniya da Clarke, wani masanin awon ƙasa na Birtaniya, ya lissafa a 1880. GPS kuwa da tushen WGS 84 yake aiki, wanda cibiyarsa tsakiyar duniya ce. Wuri ɗaya, lambobi biyu. Wanda ya ɗauki lambar Minna ya zuba ta a waya ba tare da ya juya ta ba, wayar za ta kai shi kusan mita 150 daga inda ake nufi. An ma yi sa'a zanen a tsarin UTM yake. Da a tsohon tsarin nan ne da ya raba Najeriya ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, da lambobin ba za su ko yi kama da na waya ba.

Da aka juya lambobin, bangon takarda ya hau kan bangon gaske, layin iyaka kuma ya bi ta bakin gonar dattijon, daidai jerin itatuwan da mahaifinsa ya dasa. Tsohon safiyon ya nemi a yi wannan a gaban mutane, a kan dutsen, ba a cikin ɗaki ba. Ya kuma faɗa a fili cewa abin da ya yi bayani ne kawai. Duk wanda ke son takardar iyaka mai ƙarfin doka sai ya nemi safiyo mai rajista ya bi ta hukumar KADGIS, mai kula da takardun filaye a Jihar Kaduna. Saurayin ya je har gida da mahaifinsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe mini, lambar ce ban juya ba." Dattijon ya dawo taro a mako na gaba.

Maganar tsayin waya ba ta ɗauki lokaci ba. Tsayin da ke kan taswirorinmu daga matsakaicin matakin teku a Legas ake ƙirga shi. Na GPS daga wata sumul ɗin siffar duniya ta lissafi yake farawa, wadda a wannan yanki take kimanin mita 20 ƙasa da matakin teku. Wasu wayoyi na gyara wannan, wasu ba sa yi, kuma ko sun gyara, waya na iya kuskuren mita goma a tsayi. Akwai tashar GPS ta dindindin a Jami'ar Ahmadu Bello, cikin jerin tashoshin da ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya kafa, kuma da babbar na'ura ana iya ɗaure ƙusar da ita. Tsohon ya ce tambayar manoma ba ta bukatar haka. Ruwa nawa ya rage, ba tsayinsa daga Legas ba.

Janairu: awo na uku

An yi shi cikin sanyin hunturu, da sassafe kafin iska ta taso. Kowace safiya, kafin komai, ana gwajin faranti: a saukar da faifan ƙarfe da sarƙa mai alama a ƙarƙashin kan na'urar, a mita 1, a mita 2, a mita 3, a duba ko na'urar ta faɗi gaskiya. Ta ɗan ɗara da santimita uku zuwa huɗu a mita 3, saboda an saita ta da gudun sautin teku, aka riƙa cirewa. Abin kaɗan ne idan aka kwatanta da santimita 35 na nutson kai, amma yanzu an san girmansa.

Maimakon zagaye barkatai, aka yanka madatsar layi-layi, tazarar mita 20, kowane layi ya ratsa daga gaɓa zuwa gaɓa. Don kwalekwale ya tsaya a kan layi aka yi dabarar matuƙan jirgi ta shiga tasha: a kafa tutoci biyu a gaɓa, ɗaya bayan ɗaya, muddin mai tuƙi na ganin ta gaba ta rufe ta baya to yana kan hanya, da sun rabu ya san ya kauce. Masuncin ya kama wannan tun layi na biyu, har ya fi saurayin iya riƙe shi. Na'urar na nuna gudu da awon jiragen ruwa, not, wanda ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa, aka ce kada ya wuce biyu.

A kowane layi ana tsayawa wurare uku a soka gora iri biyu. Ɗaya tsirara, ɗaya an ɗaure mata murfin tukunya a gindi. Mai murfin takan zauna a saman laka, lambarta kuma ta yi daidai da ta na'ura. Tsirarar takan nutse ta wuce. A tsakiyar kwari ta wuce da santimita 30. Bambancin da ya rage tun Nuwamba ke nan: sautin na'ura daga saman laka yake dawowa, gorar masunci kuwa ta shige cikin taɓo kafin ta tsaya. Mutanen biyu duk gaskiya suka faɗa. Gindin madatsar, a wuri mafi zurfi, yana mita 4.1 ƙasa da bakin malala. Abin da laka ta ci a nan mita 1.4 ne, ba 3.4 ba.

Da aka haɗa awon aka ja layukan da ke bin wuraren da zurfinsu ɗaya ne, kowane rabin mita, sai wani abu ya bayyana da ba a yi zato ba. Babbar ɓarnar ba a tsakiya take ba. A can kan madatsar take, inda rafi ke shigowa. Ruwan damina na zuwa a guje ɗauke da yashi, da ya haɗu da ruwa mai kwanciya sai gudunsa ya mutu, ya zubar da mai nauyin nan take, lallausar laka ce kawai ke isa kusa da bango. Wuraren da zanen ya nuna ƙafa biyar ko shida na ruwa, yanzu tudun yashi ne da ruwa ke rufewa da ƙyar.

Lissafin ya fito haka. Bisa tsohon zane, madatsar na ɗaukar kimanin kubik mita 260,000. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, duro biyar. Yanzu tana ɗaukar kimanin 190,000. Cikin 70,000 da aka rasa, kusan 55,000 a sama da matakin bututu suke, wato a cikin ruwan da ke isa gona. 15,000 ne kawai a ƙasa da shi.

Littafin ɗalibin ya amsa sauran tambayoyin. An rufe bututu an hana injuna aiki kwana uku, ruwa ya sauka da santimita 2. Wannan rabon rana ne da iska da ɗan abin da ƙasa ke sha, kimanin milimita 7 a yini. A tsawon rani ya haura mita ɗaya daga cikin 2.3 da ke sama da bututu. An duba bayan bango, akwai ɗan damshi da ruwa garau, babu alamar yoyon da ke ɗebo ƙasa. Masu injin kuma, da aka kwatanta daren da suka yi aiki da wanda ba su yi ba, rabonsu bai kai yadda ake zargi ba.

Fabrairu zuwa Afrilu, shekara ta biyu: abin da aka yi

A taron Fabrairu an raba takarda mai shafi ɗaya da Hausa. Rabin sama kalmomi ne guda shida da ma'anarsu yadda za a riƙa amfani da su a ƙungiya: tushe, matakin ruwa, zurfin yau, zurfi daga tushe, ruwan gona, ruwan ajiya. Rabin ƙasa jadawali ne: idan sanda ta nuna kaza, ruwan gona kaza ya rage. Malamin gona ya zauna da kwamiti suka kwatanta. Bayan an cire rabon rana, abin da ke isa fadama bai wuce kubik mita 90,000 ba, wanda a irin ban ruwansu zai ɗauki kimanin hekta 13 har girbi. Ana shuka kusan 17.

Ruwan wannan shekarar ma ya yanke a Afrilu, domin an riga an yi dashe. Bambancin shi ne tun farkon Maris aka san makon da zai yanke, aka taƙaita kwanakin ban ruwa, aka fifita gonakin da suka kusa nuna.

Yasar kuma ta sauya kama. Kan madatsar yana bushewa ƙurmus tun Maris, don haka ba a bukatar injin kan ruwa. Bayan an sami izinin hukuma, injiniya ya zo ya shata inda ba za a matsa kusa da bango ba, aka shigo da katafila da tifofi. Masu buga bulo suka kwashi yashin suka biya kuɗin mai, manoma suka kwashi baƙar lakar zuwa gonakin tudu. Kafin ruwan farko an fitar da kimanin kubik mita 6,000, kashi ɗaya cikin tara na abin da ya taru a sama da bututu.

Afrilu, shekara ta uku: sakamako

An rage filin rani zuwa hekta 14, aka matso da dashe farkon Nuwamba, aka hana dashen makara sai ga wanda ya yarda ya ɗauki kasadarsa. Ruwa ya kai ƙarshen Afrilu yana bin bututu, an kwashe albasa da tumatir ba a rasa fangali ko ɗaya don ƙishi ba. Ɗalibin ya tafi makaranta, ƙanensa ya karɓi littafin.

Hukunci

A ganina yasar ba ita ta ceci amfanin gonar ba. Kubik mita 6,000 bai kai ruwan hekta ɗaya ba. Abin da ya yi aiki shi ne jadawalin nan da sandar da ake karantawa kullum, domin su suka ba mutane damar yanke shawara a Nuwamba maimakon kuka a Afrilu. Da an sami kuɗin ɗan kwangilar farko an yashe tsakiya, da an ƙara ruwa ne a ƙasa da bakin bututu, inda ko ɗigo ba zai isa gona ba.

Awo biyu na farko ba rashin kayan aiki ya kashe su ba, kuma ba rashin gaskiyar masu yin su ba. Gora ta ba da lamba mai kyau, na'ura ma haka, har wayar ta yi iya abin da aka ƙera ta ta yi. Kowace lamba dai ta zo ba ta faɗi daga ina aka ƙirga ta ba. Abin da ya fi damuna cikin lamarin duka shi ne na dattijon nan, saboda irinsa zai ƙaru: kusan kowane matashi yanzu yana da GPS a aljihu, ɗimbin takardun filayenmu kuwa a kan tushen Minna suke, wasu ma da ƙafa. Ya kamata duk mai koyar da taswira, daga sakandare zuwa jami'a, ya fitar da ɗalibai su ɗora waya a kan tsohon dutsen safiyo su ga tazarar da idonsu.

Akwai abin da ba a warware ba. Yashin daga gonakin tudu da zaizayar gaɓar rafi yake zuwa, kuma ba a taɓa wannan ba tukuna. Abin da tifa ta kwashe, damina na iya mayar da wani sashensa. Jadawalin ma zai tsufa yayin da gindin ke sauyawa. Kwamiti ya rubuta cewa za a sake bin layukan nan duk bayan shekara uku, daga ƙusa ɗaya, a kan tutoci ɗaya, kuma an fara magana da masu gonakin da ke sama a kan dasa ciyawa da jera duwatsu a bakin rafi.